Yayana da Yake Jira a Gama Gaisuwa

Mun dawo daga maƙabarta, ƙasar kabarin Yaya tana nan a farcena, na tarar layinmu na Sabon Gari ya cika da mutane har bakin kwalta. Wanda Ya ba mu aronsa Shi ne Ya karɓi abinSa, mu ma hanyar muke jira. A kan wannan ba ni da ta cewa. Abin da nake da ta cewa a kansa wata magana ce da kunnena ya ji a kan tabarmar makoki. Ita ce ta hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami.

Manoma ne suka fara zuwa, daga Darki da Indabo da ƙauyukan da ke bayansu. Damina ce, ana tsakiyar noma, wasu da laka a ƙafa suka zo, suka jingine kekuna da babura a jikin katanga. Ba su da dogon bayani. Mutum zai tsuguna, ya yi addu'a, ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Shi ya zaunar da ɗana." Na bayansa ma haka: "Shi ya zaunar da 'yata." Baƙon da bai san Yaya ba sai ya zaci kujeru yake rabawa.

Sai ɗaliban babbar makarantar da ya yi wa aiki. Musulmin cikinsu suka shiga sahun masu addu'a. Kiristocin, yaran da suka zo karatu daga wasu jihohin Arewa, ba su san inda za su sa kansu ba, sai suka jeru a inuwar darbejiya, kawuna a sunkuye. Wata malama 'yar Filato, wadda ke kula da ɗakunan kwanan 'yan mata, ta shige cikin gida tana kuka, har sai da matar Yaya, mai takaba, ta koma ita ce ke ba ta haƙuri.

Can da la'asar motoci suka iso. Manyan makaranta ne, cikin fararen riguna, ƙamshin turare na gaba suna biye. Nan da nan aka tashi manoman daga tabarmar gaba aka ba su wuri. Jagoransu Magatakardan makarantar ne, wanda al'amuran ɗalibai da na ma'aikata duk ta hannunsa suke bi. Ba bare ba ne a wurinmu. Taubashinmu ne, ɗan gwaggonmu, a tsakar gida ɗaya muka ci ƙasa. Ya gyara zama, ya shafa addu'a, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Allah Ya jiƙan bawana. Mutum ne mai taurin kai, kowa ya sani. Amma mu a hukumance mun yafe masa duk abin da ya yi mana."

Jama'a suka ce amin. Wasu har da murmushi, don sun ji taubashi yana tsokanar taubashinsa har bayan rai. Ni ban ce amin ba. Na sunkuyar da kai ina jan carbi da ƙarfi har zaren yana neman tsinkewa. Sun yafe masa! Su ne suka yafe masa!

Bari in faɗi wanda aka yafe wa, da laifin da ya yi.

Mahaifinmu ya raba mu tun muna ƙanana: Yaya ya tafi boko, ni na zauna gaban allo. Bai taɓa raina nawa karatun ba, ni ma ban taɓa jin haushin nasa ba. Ya yi ta gaba har ya zama shugaban sashen kula da ɗalibai a makarantar. Ban san sirrin aikinsu ba, kuma ba zan yi kamar na sani ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa, da wanda aka faɗa a gabana.

Ofishinsa ba kamar na sauran ba ne. Babban teburin da aka ba shi ya tura shi jikin bango, ya sa kafinta ya yi masa dogon benci. A kansa yake zama, ɗalibi kuma ya zauna kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, duk suna fuskantar ƙofa. Ya ce yaron da aka hana kallon idon babba tun yana goye ba zai iya magana ana ƙura masa ido ba. Akwai randa a lungu, da moɗa, da kwanon gyaɗa da ba ya rabo da shi.

Wata rana na je kiransa a kan maganar gyaran rufin gida, ya ce in jira. Sai ga wani saurayi ɗan Indabo, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Tashi, ɗana, nan ba fada ba ce. Zo nan. Ina kwana?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya mutanen gida? Ya ruwa a wajenku? Gero ya fara kai?"

"Lafiya lau. Ya fara."

"Ya karatu?"

"Lafiya lau."

"Ba wata damuwa?"

"Babu, Baba. Gaishe ka na zo yi."

Ni da na ji haka sai na fara tattara rigata, na ce an gama. Yaya ko motsi bai yi ba. Ya ɗebi gyaɗa ya miƙa wa yaron, ya ɗebi tasa yana ɓarewa, yana kallon waje. Shiru ya yi tsawo har na ji nauyinsa. Can yaron ya murza yatsun ƙafarsa a ƙasa, ya ce, "Dama..."

Ashe tun farkon zango a aji yake kwana, a kan tebur, don bai samu gado ba. Ya zo ofishin a baya lokacin Yaya ba ya nan, ya gaida wanda ya tarar, aka amsa, ya koma.

Da yaron ya fita Yaya ya ce da ni, "Ka gani? Aikina ke nan, jiran wannan 'dama' ɗin. Ɗan ƙauye ba ya fara magana da damuwarsa. Tana can ƙasa, kamar gudajin fura a gindin ƙwarya. Sai ka shanye ruwan gaisuwa kake isa gare ta. Wanda ubansa ke da lambar waya da zai kira, tun kafin a buɗe makaranta ya samu gado. Wannan kuwa ba shi da kowa sai bakinsa, bakin kuma an ɗaure shi da kunya."

Kada a ɗauka masu tsugunawa kawai yake so. A ranar ma wani yaro Kirista ya shigo da takalminsa, hannu a aljihu, ya tsaya ƙiƙam ya fara zuba Turanci ko sallama babu. Masinjan ofis ya taso masa: "Kai, ba ka da iyaye ne?" Yaya ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙyale shi. Kowa da gaisuwar ɗakin uwarsa yake zuwa. A garinsu wanda ya sunkuyar da kai shi ake zargi da ƙarya." Kukan yaron shi ne wani malami ya sa musu gwaji ranar Lahadi da safe. Yaya ya sa hularsa ya tafi wurin malamin da ƙafarsa. An ce abin da ya faɗa masa bai wuce wannan ba: "Da Juma'a da azahar wani ya sa, da tuni kai ne a gaban masu zuwa min da hayaniya." Aka ɗaga gwajin.

Ba mala'ika ba ne, ba kuma zan shafa masa abin da ba shi da shi ba. Yaya yana da nawa. Duk taron da aka kira shi sai ya makara. Idan ya kira ka a waya, kafin ya gama tambayar lafiyar awakinka katin ya ƙare, maganar da ya kira dominta ba a yi ta ba. Yana da zafin baki in ransa ya ɓaci, kuma ba ya duba girman wanda ke gabansa. Gida ma an sha wahalarsa, don ɗalibai har zaure suke biyo shi. Matarsa za ta aiko a ce, "Malam, tuwo ya huce." Ya ce, "A bar shi, shi ba shi da jarrabawa gobe."

Daga nan ɗalibai suka yi yawa. Wannan gaskiya ne, ba na musunsa. Layin ƙofar Yaya ya riƙa kaiwa har cikin rana. Ya nemi a ƙara benci, a ƙara mutanen da za su zauna a kai, ya ce shi zai koya musu. Hukuma ta ga wata hanyar. Aka gina sabon ofis mai taga ɗaya, mai nisa daga ƙasa, da sandunan ƙarfe. Ɗalibi ya tsaya a waje ya faɗi bukatarsa a taƙaice, akawu ya ji daga ciki, na baya ya matso.

A gidan Gwaggo suka yi rigimar da ta raba su, ranar wani suna, dangi cike da tsakar gida. Taubashin namu ne ya fara.

"Sarkin Gaisuwa, mulkinka ya ƙare. Taga ita ce adalci. Ɗan kwamishina da ɗan mai garma, lokaci ɗaya za a ba kowa."

Yaya ya ajiye cokalinsa. "Ɗan Gwaggo, ka ji tsoron Allah. Ka jera yaron da ya taso yana gardama da ubansa a kan teburin cin abinci da wanda bai taɓa kallon ƙwayar idon ubansa ba, ka ce su yi tseren magana, sannan ka kira shi adalci? Kuma ɗan kwamishinan da kake faɗa, yaushe ka taɓa ganinsa a layi? Ta ƙofarka yake shiga, har shayi ake ba shi."

"Ku ji bawana! To mu rufe makaranta mu zauna muna tambayar lafiyar gero."

"Kai ma geron ne ya yi maka wannan tumbin. Uwarka ga ta nan zaune. Je ka ce mata ta faɗi bukatarta a taƙaice."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Mata suna tafawa, ana cewa taubasai sun haɗu yau. Ga al'ada, abin da taubashi ya faɗa wa taubashi ba a riƙe shi, ba a shiga tsakani. Shi ya sa babu babban da ya kira su ya zaunar, har Gwaggo kanta dariya take tana share ido. Dangi sun ɗauka wasa ne. Mutum ɗaya ne, shi taubashin namu, ya san ba wasa ba ne kuma ya ji daɗin a ɗauka haka, don duk abin da ya yi wa Yaya daga baya a cikin wannan rigar ya ɓoye shi.

Ba a daɗe ba aka sauke Yaya. Ba a ce an kore shi ba, manya ba sa faɗar haka. An ce an ɗaga shi zuwa shugabancin wani kwamiti, kwamitin da bai taɓa zama ba. Bencin aka jefar bayan gini, ruwa yana dukansa. Yaya ya sa mai kura ya ɗauko shi ya kawo gida. Yana nan a zaurenmu, a kansa nake wannan rubutu.

Yanzu na zo kan yarinyar, don ita ce laifin da aka yafe masa.

'Yar wani manomi ce a Darki, tana shekarar ƙarshe. Kafin ita babu macen da ta kai nan a danginsu, ƙannenta da 'ya'yan maƙwabta duk ita ake nuna musu. Ana cikin jarrabawar fita aka aiko mata cewa jikin mahaifinta ya yi tsanani, yana kiran sunanta. Dokar makaranta ta ce wanda uzuri ya kama ya sanar da ofis kafin ya tafi. Yarinyar ta san dokar, ta kuma bi ta. Ta je ta shiga layi. Da aka zo kanta ta yi abin da uwarta ta koya mata: ta tsuguna. Tagar kuwa tana sama. Akawu ya leƙo bai ga kowa ba sai saman hijabi.

"Wa ke nan? Ke, tashi mana!"

Ta miƙe. "Ina kwana. An tashi lafiya? Ya aiki?"

"Me kike so?"

Ta yaya 'yar mutane za ta buɗe baki a gaban layin maza ta ce ubanta yana bakin mutuwa, ga wanda ko gaisuwarta bai amsa ba? Ta ce, "Dama..." Na baya suna turi, rana tana duka. Akawu ya ce, "In kin tuna kya dawo. Na baya!"

Akawun nan ba daga wata ƙasa aka kawo shi ba. Bahaushe ne, ɗan ƙauye, uwarsa ma haka take gaisuwa. Ya san abin da ke biyo bayan wannan kalma. An dai koya masa cewa jiranta ba ya cikin aikinsa.

Ta hau mota ta tafi Darki. Ta samu mahaifinta da sauran numfashi, ya cika a gabanta. Da aka share makoki ta dawo, jarrabawa ta wuce. Aka ce ta ƙaurace ba tare da sanarwa ba, hukuncin haka kuwa sallama ne. Shekarun da ta yi, da wahalar da mamacin ya sha a gona don ta yi su, duk aka shafe.

Malamar nan 'yar Filato ce ta riƙo hannunta ta kawo ta zaurenmu, ina zaune. Yaya ba shi da ofis a lokacin, ba shi da hatimi, sai benci. Ya zaunar da ita. Ya tambayi Darki, ya tambayi innarta, ya yi mata gaisuwar rashi, ya yi wa mamacin addu'a mai tsawo. Sannan ya yi shiru. Da ta kai ga maganar, malamar ce ta fara kuka kafin ita.

Abu ɗaya Yaya ya nema, ɗaya tak: a zaunar da yarinyar a ji ta bakinta. Bai ce a ba ta sakamakon da ba ta yi ba. Bai ce a karya doka ba. Ya bi ofisoshi, ana ce masa mai ofis ya fita. Da ya gaji sai ya je ya shiga layin tagar da kansa, da furfurarsa, a tsakiyar yara sa'annin 'ya'yansa, cikin rana. Ɗalibai suka dare suna cewa, "Baba, wuce gaba." Ya ce a'a, yana so ya ɗanɗana. Taubashi ya fito zai shiga mota ya hango shi.

"A'a, bawana! Gaisuwa ka zo yi?"

"Na zo in ga ko akwai mutum a bayan ƙarfen nan."

"Doka ce. Ba ta sanar ba."

"Ta zo. Ba a bari ta faɗa ba."

"To ni ina ruwana da abin da ke cikin cikinta? Ka je gida ka huta, tsufa ya kama ka."

Ya ja gilashin mota. Waɗanda ke wurin suka yi dariya, wasan taubasai ne ai.

Ba zan ce su suka kashe shi ba. Ina tsoron Allah, na kuma san ajali ba ya gaba ba ya baya. Hawan jini ya daɗe da shi. Amma na ga yadda ya dawo ranar, na ga yadda ya zauna a kan bencin nan bai taɓa gyaɗarsa ba. Da ciwo ya kwantar da shi, duk wanda ya shigo dubiya daga makaranta, bayan an gama gaisuwa, don ko a kwance bai yanke ta ba, tambayarsa ɗaya ce: "An saurari yarinyar nan?" Ya tafi ba a ce masa e ba.

Wannan shi ne mutumin da aka zo har gidansa aka yafe wa.

Ranar sadakar uku motocin suka dawo. Wannan karon na hana a tashi kowa daga tabarma. Kusa da ni akwai wani dattijo siriri mai tsohuwar riga wankakkiya, baffan yarinyar ne, ya zo tare da ita, ita tana cikin gida wurin mata. Bayan addu'a taubashi ya yi gyaran murya ya ce hukuma ta zauna, ta yanke shawarar sa sunan Yaya a sabon ofishin kula da ɗalibai, don kada a manta da shi. An ma ba mai rubutu aikin allon. Yardar iyali kawai ake jira.

Sunan Yaya, a saman tagar.

Na ji jini ya hau min kai, amma na tuna a gidan wa nake zaune. Na ce, "Madalla. Za mu yi maganar. Ga wani dattijo nan yana son ku gaisa tukuna."

Tsohon ya matso ya tsuguna. "Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ya ƙarin haƙurinmu? Ya iyali? Ya aiki?"

"Lafiya, lafiya."

"Ya ruwa a wajenku?"

Taubashi ya dubi agogo. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya dubi mutanensa. Tsohon yana murza hularsa, ya kai daidai inda Yaya ya kan miƙa gyaɗa. Sai Magatakarda ya ce, "To Baba, mun gode, Allah Ya ba da lada," ya miƙe, ya zura ƙafa ɗaya a takalmi. A kan tabarmar makokin Yaya, a gaban idon kowa, aka sake rufe tagar.

Sai muka ji murya daga ƙofar zaure.

"Babana ne ya rasu ranar jarrabawa! Na je taga, ba a bari na faɗa ba! An kore ni!"

Ita ce. Tana tsaye ƙiƙam, ba sallama, ba tsugunawa, malamar tana bayanta. Budurwa, a gaban taron maza, a gidan mutuwa. Baffanta ya rufe fuska da hularsa.

Wani daga cikin masu fararen riguna ya ce, "Wace ce wannan marar kunya?"

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ɗalibarku ce. Irin wadda kuka ce kuna so. Ta faɗi bukatarta a taƙaice, ba gaisuwa. Da ta zo da kunya kun ce na baya, yanzu ta ajiye kunyar kun ce marar kunya. To wace iri za ta zo muku?"

Taubashi ya yi yaƙe, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a tabarma. "Haba, ƙanin bawana, ai abin bai kai nan ba. Ni da shi wasa ne tsakaninmu."

"Wasan mun binne shi tare da shi. Sunan Yayana ba zai hau saman ƙarfen nan ba, ina raye. Yafiyar da ka kawo shekaranjiya kuma ɗauki abarka, ba ya bukata. In yafiya ce ke damunka, ga wadda za ka nema a wurinta can tsaye."

Liman ya riƙo hannuna yana cewa, "Malam, a yi haƙuri, zaman makoki ne." Na ce na sani, Allah gafarta Malam, makokin nake yi.

Taubashi ya waiwaya. Manoman Darki da Indabo suna kallonsa. Ɗalibai suna kallonsa, na sahun addu'a da na gindin darbejiya. Babu wanda ya yi dariya wannan karon. Ya sassauta murya ya ce, "Ta zo ofishina ranar Litinin."

Na ce, "Ta taga ko ta ƙofa?"

Ya ce, "Ta ƙofa."

An saurare ta. Maganar ba ta ɗauki tsawon shan ruwa ba. Aka ga uzurinta gaskiya ne, aka ce za ta rubuta jarrabawar tare da 'yan ajin da ke bayanta. Shekara ta tafi mata a banza, amma karatun bai tafi ba. Mutane suna ta zuwa suna ce min alhamdu lillahi, an dace. Alhamdu lillahi a kowane hali. Amma kada wanda ya ce in huce. Sai da mutum ya mutu, aka tara jama'ar gari a ƙofar gidansa, yarinya ta yaga tarbiyyar uwarta a bainar jama'a, sannan aka yi abin da ya roƙa yana tsaye a rana. Tagar tana nan. Kullum da safe akwai wanda ke tsugunawa a ƙarƙashinta ba a ganinsa, ya koma ƙauyensu ya ce karatun ne bai karɓe shi ba. Su waɗannan wa zai mutu a tara musu jama'a? Shugaban da ba zai iya jiran talaka ya kai ƙarshen gaisuwarsa ba, me yake shugabanta? Gini? Motoci?

Kwanan baya da hantsi ina zaune a zaure, sai ga ta. Tun daga bakin ƙofa, a tsaye, ta ce, "Baba, sun ce in..." Sai ta yi turus. Ta ji kanta. Ta sa gefen hijabi ta rufe baki, idonta ya ciko.

Na ce, "Shigo, 'yata. Labarin ba zai gudu ba."

Ta tuɓe takalmi za ta tsuguna. Na ce a'a, na nuna mata benci. Ta zauna a gefen da Yaya ya kan zaunar da su, muna fuskantar ƙofa. Na jawo kwanon gyaɗa na ajiye a tsakaninmu.

Ta share ido, ta ce, "Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Ya mutanen Darki? Ya Inna? Gero ya nuna?"

Muka bi ta daki-daki, ba mu tsallake ko ɗaya ba.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya iso ƙofarKa, ba shi da kowa sai Kai. Ka zaunar da shi cikin rahamarKa yadda ya zaunar da 'ya'yan mutane.